Ottilia, Mai Ɗinka wa Ƙanƙara Mayafi

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsu, hayaƙin ɗakin wanki na Otel Firnegg ya riga ya tashi. Duk wanda ya taɓa hawowa da sassafe daga ƙauyenmu na Ritzmatt ya san hayaƙin nan, ya kuma san mai hura shi. Ottilia Walpen ce, wadda kowa ke kira Tili, gajeruwar mace mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum jajawur saboda ruwan sanyi. Takan fara ɗora ruwa, ta jiƙa zannuwan gadon jiya, sannan ta zauna a kan akwatin sabulu ta sha kofinta da baƙin burodi da ɗan cuku. Daga nan ba ta sake zama sai yamma. Wanki, shanya, guga, ɗinke abin da ya yage, hawa bene da sauka da lodin zannuwa har bisa hancinta. Haka take yi tun daga Yuni da ake buɗe hanya har Oktoba da dusar ƙanƙara ke rufe ta, kuma haka ta yi tun tana budurwa har furfura ta cika mata kai.

Baƙi ba su san ta ba, kuma ba ta damu su sani ba. Sukan dai ce ba su taɓa kwana a zanen gado mai fari da ƙamshin iska irin na Firnegg ba, su yaba wa mai otel. Ita kuwa tana can baya da dutsen guga.

Sirrin farin nan ba sabulu ba ne. Matan da suka koya mata aiki a kan ƙanƙara suke shanya, su bar rana ta ƙarasa musu wanki. A lokacin, Tsoho, kamar yadda muke kiran ƙaton daskararren kogin ƙanƙarar nan da ya gangaro daga kan duwatsu, yana nan daf da bayan otel. Fitowa kawai za ta yi daga ɗakin wanki ta taka shi. Saboda shi aka gina otel ɗin tun zamanin kakannin kakanni, kuma a jikinsa ake fafe kogon nan da mutane ke zuwa gani daga ko'ina. Mu faɗi gaskiya, babu mai hawo waɗannan kwane-kwanen hanya masu juya ciki don miyar Firnegg. Kogon ake zuwa wa, a shiga cikin ƙanƙara a tsaya cikin shuɗin hasken nan, mai surutu ya yi tsit. Mai fafe shi kuwa duk farkon bazara shi ne Meinrad Jossen, dogo mai ƙaramin haƙuri, da diga da zarto. Shi da Tili tare suka fara aiki, kuma tun ranar ba su daina tsokanar juna ba.

Wata shekara da aka yi zafi na fitar hankali, Tili ta manta da wani tsohon zane a kan ƙanƙara ya yi kwanaki. Da ta je ɗauka sai ta tsaya, ta ƙwala kira.

"Meinrad! Zo ka ga abin mamaki."

"In ɓera ne ki kashe abinki, ina da aiki."

"Kai dai zo, sarkin ƙorafi."

Ya zo yana gunaguni. Inda zanen ya rufe, ƙanƙarar ta yi tudu, ta fi ta kewayenta tsawo da faɗin tafin hannu. Ya durƙusa ya shafa.

"To fa," ya ce. "Kowa na lulluɓa don sanyi, shi Tsoho don zafi. Ashe gata yake so."

"Kai ma da ka samu mai lulluɓe ka da ba ka lalace haka ba."

Dariya suka yi, amma daga ranar Tili ta ɗauko wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Ta tattara tsofaffin zannuwan da aka daina shimfiɗa wa baƙi, ta haɗa su a keken ɗinki, aka rufe saman kogon. Da aka ga abin yana yi, otel ya fara sayo farin yadi mai kauri, manyan naɗi. Amma yadi ba ya haɗa kansa. Sai an shimfiɗa shi a kan ƙanƙara, wani ya durƙusa ya bi bakin da basilla da igiya, ɗinki bayan ɗinki, iska na dukan fuska, sanyi na hawowa ta gwiwa. Maza sun gwada, ɗinkinsu bai kai mako ba ya buɗe. Don haka ya zama Tili takan gama wankin safe, ta ɗaura tsumma a gwiwoyi, ta hau.

Ni na gaji mahaifina a tuƙin bas ɗin gidan waya, mai ɗaukar wasiƙu da fasinja, da ke hawa Firnegg, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani. Wata rana iskar kudu mai ɗumin nan ta taso ba sallama, ta shiga ƙarƙashin mayafin ta ɗaga rabinsa sama. Maza suka ruga ɗauko buhunan yashi. Kafin su dawo Tili ta kwanta rub da ciki a bakin yadin, ta baje hannuwa da ƙafafu, iska na ɗaga ta tana buga ta da ƙasa, ita kuwa ta ƙi saki. Baƙin da ke shan shayi a baranda suka yi ta ɗaukar hoto, wasu har da tafi, sun ɗauka wasa ne aka shirya musu. Da aka ɗaga ta haɓarta a fashe take. Abin da ta fara tambaya shi ne ko ɗinkin tsakiya ya riƙe.

Ke ce wannan, Tili. Ke ce kika ba da gwiwoyinki har yau ba kya iya durƙusawa a coci. Ke ce yatsunki suka karkace har zoben aurenki sai da aka yanke shi. Shekarun da kika ƙara wa kogon nan, su ne shekarun da mai dafa abinci ya aurar da 'ya'yansa, masu gyaran ɗaki suka gina gidajensu, matasan Ritzmatt suka sami dalilin zama a kwarin da aka haife su. Ba a taɓa rubuta sunanki ko a jikin ƙofa ba.

Sai dai zane ba ya hana rana fitowa. Tsoho ya yi ta ja da baya, bana kaɗan, baɗi da yawa. Inda take shanya a da ya koma tsakuwa, daga baya ya zama tafki mai ruwan toka. Aka yi matakala, aka ƙara gadar katako, hanyar zuwa kogo ta yi ta tsawo a daidai lokacin da ƙafafun Tili ke gajiya. A ƙarshe guntun da take rufewa ya rabu da uwar ƙanƙarar gaba ɗaya, ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar duwatsu, lulluɓe da yadin da ƙura ta mayar ruwan ƙasa. Wani baƙo ya taɓa cewa a gabanta, bai san ko wace ce ba, abin ya yi kama da gawar da aka manta ba a binne ba. Washegari ta goge masa rigarsa kamar ta kowa, amma maganar ta zauna mata a ciki.

Bara, da aka buɗe hanya, ta hau don gyara abin da hunturu ya yayyaga. Ta ɗaga wani gefen mayafin sai ta ga tsaga ta ratsa rufin kogon daga wannan baki zuwa wancan. Ta zura hannu, ya shige har kafaɗa. Ta sa kunne, ta ji ruwa yana gudu a ƙasa. Ta daɗe zaune a wurin. Ba wani ilimi ake buƙata ba don gane abin da ke nan, duk wanda ya girma a gindin Tsoho zai gane.

Ta same su a kicin da rana tsaka, Meinrad da Severin Imhasly, mai otel ɗin na yanzu. Severin a hannunta ya girma. A kwandon wankinta yake barci yana jariri, in uwarsa na fama da baƙi, kuma Goggo yake ce mata.

"Kun ga saman kogon nan?" ta ce.

Babu wanda ya ɗago. Daga nan ta san sun gani.

"Za mu tokare shi da katako," in ji Meinrad. "Na sha tokare wanda ya fi wannan."

"Ƙarya kake, Meinrad. Ba ka taɓa ba."

"Goggo, zauna mana," Severin ya ce, ya jawo mata kujera. "Bana kaɗai. Ki rufe mana shi bana, in kaka ta yi ni da kaina zan sa masa kwaɗo. Mutane sun riga sun kama ɗakuna. Ma'aikata sun bar wasu wuraren sun zo. In babu kogo me zan nuna wa baƙi, tsakuwa?"

"In na rufe, wa zai ga tsagar?"

Severin ya kau da kai.

"Tambaya na yi. In na ɗinke yadi a kai, wa zai gan ta?"

"Ba kowa," Severin ya ce a hankali.

"To ka ji. Ni don rana na ɗinka mayafin nan, ban ɗinka don idon mutane ba. Watan gobe 'yan makaranta za su fara zuwa, a jera su biyu-biyu a shiga da su. Ni ce zan tsaya a ƙofar ɗakin wanki ina ɗaga musu hannu?"

Meinrad ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. "Ke wa ya naɗa ki alƙali? Aikinki ɗinki, ki yi ɗinkinki! Kogon nawa ne, ni na san shi. Kin tsufa kin gaji, sai ki ce kin gaji, ba ki ja mu duka ki kai ƙasa ba."

"Na tsufa, na gaji," ta ce. "Amma ba shi ya sa ba."

Ta fita. Ta san halinsu sarai, ba miyagu ba ne, tsoro ne ya kama su. Ta kuma san in ta ajiye basilla kawai, gobe za su ja tsohon yadi su rufe wurin, su danne da duwatsu, kowa ya kau da kai. Shi ya sa ba ta koma ɗakin wanki ta zauna ba. Almakashi ta ɗauka.

Abin da ya fi ci mata rai, kamar yadda ta faɗa daga baya, shi ne ɗinkin ya ƙi farkuwa. Ta yi shi da kyau ƙwarai. Sai da ta bi shi ɗaya bayan ɗaya tana yanka, a kan gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa, tana gane kowane layi da shekarar da ta yi shi. Tana yi tana kuka, ba ta ɓoye ba. Ta janye yadin gefe, ta bar rufin kogon a fili.

A daidai lokacin na shawo kwanar ƙarshe da bas cike da mutane. Daga kwanar nan ana hango komai. Ga ƙanƙara tsirara a karon farko cikin shekaru masu yawa, ga baƙar tsaga ta raba ta biyu, ga 'yar tsohuwa zaune a gefe da almakashi a cinya. Kafin mako ya zagayo hukuma ta sa shinge, kogon Firnegg bai sake buɗewa ba.

Da labari ne na yara, da rufin ya rufta washegari kowa ya zo ya ba ta haƙuri. Bai rufta ba. Ya tsaya ƙyam duk tsawon bazarar, yana narkewa a hankali a bainar jama'a, ba tare da ya yi ko ƙara ba. Baƙi suka janye, ɗakuna suka zauna babu kowa, aka fara sallamar ma'aikata tun kafin kaka. Kowace safiya mutane sukan ɗaga kai su ga rufin yana nan, sai su juyo su dube ta.

"Ga shi nan a tsaye," ake cewa a gidan burodi. "Da ta bari da mun ci bana."

Babu wanda ya zage ta, mu ba mu iya wannan ba. Abin da muka iya ya fi zagi ciwo. Gaisuwa aka janye. Matar da ta wanke rigunan baftismar rabin ƙauyen nan sai ta shigo shago hira ta mutu. A coci benci ya yi mata faɗi. Severin bai kore ta ba, bai ɗaga mata murya ba, sai dai ya daina ce mata Goggo, ya koma Madam Walpen. Ta ce wannan kaɗai ne ya hana ta cin abinci.

Ni dai ban san ko rufin zai riƙe ba da an rufe shi, ita ma ba ta sani ba, masu surutu a gidan burodi ma ba su sani ba. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Suna magana kamar sun shiga sun auna. Ita ba ta taɓa cewa zai faɗi ba. Cewa ta yi ba za ta ɓoye ba, kuma ta san abin da hakan zai sa ta rasa: aikinta, da otel ɗin da ya fi gidanta zama gida a wurinta, da mutanenta.

A makon ƙarshe na Oktoba, da aka tabbatar Firnegg ba zai buɗe baɗi ba, kowa ya kama haɗa kayansa. Tili kuwa ta bi duwatsu tana tsince guntayen yadi, har waɗanda iska ta kai bakin tafki. Ta ce ba za ta bar wa dutse tsummokara ba. Manyan ta wanke su, duk da babu abin da za su sake rufewa. Ta shanya, suka bushe, sai ta tsaya a tsakar gidan otel da wani ƙaton yadi da ya fi ƙarfin hannu biyu. Ta kama wannan gefe, wancan ya faɗi. Ta koma wancan, iska ta kwashe wannan. Ina cikin bas ina jiran masu sauka, har na buɗe ƙofa zan fito, sai na ga Meinrad ya fito daga rumbun kayan aikinsa. Tun ranar kicin bai yi mata magana ba.

Ya zo ya ɗauki ɗaya bakin yadin. Suka ja, suka karkaɗe, suka tako suka haɗu a tsakiya.

"A karkace kake riƙewa," ta ce.

"Ke ce gajeriya."

Suka sake ja da baya, suka sake haɗuwa. A karo na uku bai saki ba. Ya tsaya da yadin a hannu, yana kallon ƙasa.

"Kin kashe ni, Tili. Ban iya komai ba sai fafe ƙanƙara."

"Na sani."

"Jikata Leni," ya ce. "Kin san yadda take son kogon nan. Tun bara waccan ban bar ta ta shiga ba. Kullum sai in ce mata gobe." Ya share hanci da bayan hannu. "'Ya'yan mutane kuwa ni nake riƙe musu fitila."

Tili ba ta ce ai na faɗa ba. Ta karɓi gefensa ta haɗa da nata, ta ninke, ta ɗora a kan sauran. Sannan ta ɗauko na gaba ta miƙa masa baki ɗaya.

Sannu, Tili. Sannu da wanki, sannu da guga, sannu da sanyin da kika sha. Mun gode da shekarun da kika ɗinka mana da basilla, mun kuma fi godewa da ranar da kika ɗauki almakashi, ko da yake har yau bakin da yawa daga cikinmu ya kasa furta hakan. Riƙe abu bakin rai bakin fama ba ƙaramin aiki ba ne, amma an sha ganin masu yi. Wanda zai sa hannu ya warware aikin rayuwarsa saboda 'ya'yan da bai ma san sunayensu ba, ni dai ke kaɗai na sani. Duk mai wani aiki a hannu, babba ko ƙarami, ya dube ki ya koya: ka yi shi da kyau iyakar ƙarfinka, ranar da aka ce ka rufa wa haɗari asiri da shi kuwa, ka ƙi.

Ku kuma mutanen Ritzmatt, ba wani babban abu nake roƙonku ba. Ba ta son biki, ba ta son lambar yabo, in kun kawo ma ba za ta fito ba. Tana nan a gidan ƙanwarta, na ƙarshe kafin gada, takan zauna a benci in rana ta fito, hannuwanta a cinya ba abin yi. Duk mai wucewa takan ɗago ta dube shi, ta jira. Ku tsaya ku gaishe ta. Kunnenta ya yi nauyi yanzu, sai kun ɗaga murya.